Direban Da Ke Tuƙi Da Kunne

Shekara talatin da ɗaya Direba ya yi yana jan motar Maigida, kuma a cikinsu ko kaza bai taɓa takawa ba. Abin alfaharinsa ke nan, ba shi da wani. Matarsa ta rasu tun da daɗewa, ba su samu haihuwa ba, muhallinsa kuwa ɗaki guda ne a bayan gareji mai taga ɗaya da ke kallon tankin ruwa. Amma idan ya jefa makullin mota a aljihun gaban rigarsa ya ji nauyinsa a ƙirji, ji yake yi shi ma wani ne a garin nan.

Maigida ba bare ba ne. Uban Direba da uban Maigida uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma Direba ne babba da shekara shida. Shi ya riƙa ɗaukar Maigida a keke yana kai shi makaranta, lokacin da Maigida ke ce masa Yaya yana riƙe masa ƙugu. Da karatu ya yi wa ƙaramin rana, aka samu ofis da mota, sai dangi suka ce ai gara na gida da a ɗauko bare. Wa ya zauna a gaba, ƙane ya kishingiɗa a baya. Yaya ya koma Yaya Direba, a hankali kuma Yayan ya faɗi a hanya, ba wanda ya tsaya ya ɗauka. Shi ma ya koyi faɗin Yallaɓai ba tare da harshensa ya sarƙe ba.

Abin da mutanen gidan ba su sani ba shi ne, shekara biyu ke nan yanar ido tana rufe wa Direba gani. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana ganin duniya kamar ta gilashin da aka shafa wa sabulu ba a ɗauraye ba: ga haske, ga inuwar abu, amma ba fuska, ba rubutu, ba launi na kirki. Ya taɓa zuwa asibiti a ɓoye, aka ce aiki za a yi, ya kwanta sati uku. Sati uku kuwa na nufin ya miƙa makulli, shi kuma ya san gidan da yake ciki. Uwargida ta daɗe tana neman dalilin da za ta rabu da shi, don ta gaji da direban da ba ta iya yi wa tsawa son ranta saboda wan mijinta ne. Makullin da ya fita daga aljihunsa ba zai dawo ba.

Ba za a ce yana da gaskiya ba, rayukan mutane yake ɗauka. Sai dai duk wanda ya ga yadda yake aikin sai ya jinjina masa. Da kunne yake tuƙi, da hanci, da mazaunansa. Daga get ɗin gida zuwa babban titi tudun rage gudu huɗu ne, na ukun ya fi tsini. Idan ƙamshin gidan burodi ya bugo, saura kaɗan a kai shataletale. Idan ya ji ƙarar masu walda da bugun guduma, kwanar dama ta zo. Injin yankan katako na nufin gada tana gaba. A mahaɗa kuwa usur ɗin mai ba da hannu ne ke gaya masa ya tsaya ko ya wuce, inda kuma danja ce, sai ya tsaya in na gabansa ya tsaya, ya jira na bayansa ya danna masa hon ya tashi. Cunkoson da kowa ke tsine wa shi ne gatansa. Ya lafe a bayan wata babbar mota ya bi inuwarta a hankali, Maigida na baya yana yabon haƙurinsa a waya.

To sai ga ranar hutu ta faɗo a tsakiyar mako, irin wadda ake rufe ofisoshi da kasuwa da komai. Da ma a irin wannan rana Maigida kwana yake yi har rana ta take, mota ta wuni a gareji. Amma a wannan karon ya tashi da nishaɗi, ya sha shayi a baranda, ya miƙe ya ce yau ranar zumunci ce, ya riga ya sanar da waɗanda za a je wa. Za a fara da gidan Lauya, abokinsa tun na makaranta, a ci abincin rana a can, sannan a leƙa Gwaggo a tsohuwar unguwa, don an kwana biyu ba a je ba. Uwargida ta sha ado ta shiga baya kusa da mijinta. Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ta gama jami'a ta dawo gida da sabon lasisin tuƙi a jaka, ta shiga gaba.

Tudu huɗun nan suna nan inda suke, ya ƙirga su lafiya. Da ya hau babban titi ne ya tarar da abin da bai shirya masa ba. Titi fayau, ba mota ko ɗaya da zai lafe a bayanta, rana kuma ta dallare gilashi ta mayar masa da komai fari fat. Ya shaƙi iska, ba ƙamshin burodi. Ya ɗan sauke gilashin gefensa ya kasa kunne, garin shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. A shekara biyun nan bai taɓa tunanin cewa alamominsa duka ma'aikata ne ba, kuma su ma suna hutu.

“Kai, gari ya yi daɗi yau,” in ji Maigida yana miƙe ƙafa. “Da kullum haka yake, da mutum ya ƙara shekara goma.”

“Ka rufe mana gilashi, sanyin yana fita,” in ji Uwargida.

Ya rufe. Shataletale ya gane shi da inuwar gunkin da ke tsakiya, ya zagaya da ƙyar. Daga nan ya shiga jiran masu walda. Ya jira, ya jira, ba guduma ba ƙara.

“Baffa, ka wuce kwanar,” in ji Auta.

“Na sani. Hanyar ta lalace, ta gaba za mu bi.”

“Ta lalace?” Uwargida ta ɗago. “Hanyar da na bi shekaranjiya a motar ƙawata, sumul kamar tebur? Ko a daren jiya ta lalace don ta ji za ka zo?”

Ya ci gaba da tuƙi. Ta gaban ma ya san ta, sai dai akwai danja a kanta. Ya ga sandarta tsaye kamar inuwa, ya taka birki ya tsaya, ya shiga jiran hon daga baya. Babu kowa a baya. Babu kowa a gaba. Fitilar tana can sama tana canja launinta ita kaɗai, shi kuwa bai san ko ja ce ko kore ba. Numfashi goma, ashirin, motar na tsaye a tsakiyar titin da ba kowa.

“Wai jiran wa muke yi?” in ji Uwargida.

A nan dabara ta zo masa, irin wadda tsoro kan haifar. Ya juya wajen Auta ya yi murmushi. “Ke nake jira. An ce kin yi lasisi, to bari in gwada ki in ga ko saya aka yi. Yanzu direba na ƙwarai me zai yi?”

Auta ta yi dariya. “Ya tafi mana, Baffa. Ai tun ɗazu kore ce.”

“Kin ci ɗaya.”

Haka ya ari idonta har gidan Lauya. Wane hannu za mu bi a nan? Me ke gabanmu da ya kamata direba ya kula da shi? Allon can me ya ce? Ita kuwa tana ta amsawa da murna, har tana tafa hannu, tana cewa Baffa ashe ka iya koyarwa haka ba ka taɓa koya mini ba. Maigida ma ya sa baki ya ce a ƙara mata masu wuya. Direba ya ji kunya ta kama shi, don yarinyar nan a hannunsa ta girma, shi ya kai ta makaranta tun daga aji ɗaya. Amma kunyar ba ta hana shi ci gaba da tambaya ba.

A gidan Lauya ba ya shiga, bai taɓa shiga ba. Ya ajiye mota a ƙarƙashin bishiyar bakin get, suka shige, ya ji ana ta oyoyo da shewa har ƙofar falo ta rufe. Maigadin gidan da suke ɗan taɓa hira shi ma an ba shi hutu. Ya ɗauko tsumma ya goge gilashin gaba, ya koma ya zauna ya duba, ya sake fitowa ya goge, sau uku, kamar laifin gilashin ne. Can aka aiko mai aiki da shinkafa a faranti, da tsoka ɗaya a kai wadda ya gano da cokali. Ya ci kaɗan ya rufe. Lissafin hanyar gidan Gwaggo yake yi, kwana nawa, gada nawa, da tambayoyi nawa suka rage masa kafin Auta ta gaji da wasan.

Awa uku suka yi a ciki. Ta taga yana jiyo ƙarar cokula, da muryar Lauya yana ba da labarin da ya bayar bara, da dariyar Uwargida wadda ba a jin irinta a gida. Da suka fito, Lauya ya rako su har mota, ƙato ne mai son a ce ya iya barkwanci.

“A'a! Har yanzu tsohon nan ne?” ya ce. “Mota huɗu ka canja a gabana, direba ka ƙi canjawa.”

“Gado ne,” in ji Maigida. “Ba ya sayuwa, ba ya kyautuwa.”

Aka kwashe da dariya, Direba ma ya yi tasa, don ya daɗe da sanin cewa tana cikin aikin.

“Ungo, tsoho, cafke!” in ji Lauya.

Bai ga abin da aka jefo ba. Ji kawai ya yi wani abu ya daki ƙirjinsa ya faɗi ya gangara. Lemo ne. Ya sunkuya yana lalube a gefen taya ta hagu, lemon kuwa yana dama, a fili, kusa da takalmin Uwargida. Lauya ya ce tsoho ya ƙoshi ne har barci ya fara ɗibarsa. Uwargida ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sa ƙafa ta ture lemon ƙarƙashin mota ta shiga.

Da suka gangara tsohuwar unguwa sai ransa ya dawo. Talaka ba ya hutu, don haka unguwar tana nan da hayaniyarta: injin niƙa na kuka a inda ya saba, mai gyaran rediyo ya ƙure murya, warin kwatar bakin lungu ya tare shi kamar ɗan'uwa. Ko tambaya ɗaya bai yi wa Auta ba. Ya kurɗa lungun nan da mota ke wucewa da ƙyar, bai goga ko madubi ba, ya tsaya daidai ƙofar Gwaggo. A ransa ya ce an tsira. Saura komawa gida, kuma kafin nan rana ta yi sanyi, motoci sun fara fitowa.

Gwaggo ƙanwar iyayensu ce, ita kaɗai ta rage a cikin manya. Gidanta ɗaki huɗu ne, uku a rufe, don 'ya'yanta biyu suna wasu garuruwa suna aiko gaisuwa ta waya, matar da ke taya ta zama kuma ta koma wajen danginta tun watanni. Nan ne gida ɗaya tak a duk garin da Direba ke shiga ya zauna tare da kowa. A nan shi ne Babba, Maigida kuma Ƙarami, Gwaggo ba ta san wani suna ba. Duk ranar da ya samu sarari yakan hau motar haya ya zo ya gyara mata famfo ko ya saurari ƙorafinta. Wata huɗu da suka wuce, a ɗakin nan, ya zo zuba mata shayi ya zuba a gefen kofi, ta riƙe masa hannu ta ce ya gaya mata gaskiya. Ya gaya mata, har da hawaye, abin da bai yi ba tun rasuwar matarsa. Ta rantse masa cewa da ita za a binne maganar.

Ta tarbe su tana rawar jiki. Ta sa Auta ta buɗe kwabet ta fito da kofunan baƙi, da gwangwanin biskit da take ɓoyo. Maigida ya zauna a bakin kujera, irin zaman wanda bai zo daɗewa ba. Uwargida ko jakarta ba ta sauke daga cinya ba. Direba ya zauna a tabarma kusa da ƙofa.

Kowa a dangi ya san ziyarar Maigida minti ashirin ce, Gwaggo ma ta sani, shi ya sa take zuba labari ba numfashi don kada a samu gurbin cewa za mu tafi. Ta ba da na maƙwabcin da ya gina bango ya tare mata iska. Maigida ya ce ikon Allah yana duba waya. Ta ba da na gwiwarta. Uwargida ta ce tsufa ne, kowa zai je. Ta kawo na ranar da ta zame a banɗaki tun da safe, ta kwanta a ƙasa har rana ta raba tsaka kafin mai kawo ruwa ya ji kiranta.

“Ƙarami, gidan nan ya yi mini girma,” ta ce. “In na mutu a ciki sai wari ya sanar da mutane.”

“Haba Gwaggo, daina faɗin haka. Za a duba.” Ya kalli agogo ya dafa gwiwa. “To, bari mu kama hanya.”

“Tun yanzu? Ko shayin bai huce ba.”

“Wata rana za mu zo mu wuni.”

Suka miƙe. Direba ma ya miƙe yana taɓa aljihu. Gwaggo ba ta tashi ba, tana zaune a bakin gado tana gyara ɗankwali, ta yi maganar cikin muryar da ake sallama da ita.

“To ku gaida gida. Allah Ya kai ku lafiya, tunda mai jan naku ba gani yake yi ba.”

Uwargida ta tsaya da jaka a hannu ta juyo.

“Me kika ce, Gwaggo?” in ji Uwargida.

“Au, ba ku sani ba? Ni na zaci kun sani kuka bar wa Allah. Babba ai ya makance. Ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai a hankali.”

Uwargida ta koma ta zauna, wannan karon har cikin kujera, ta sauke jakarta ƙasa. Maigida ma ya zauna.

“Gwaggo tsufa ne,” in ji Direba. “Ɗan ciwon ido na yi kwanaki, ya warke.”

“Ya warke? To madalla,” in ji Uwargida. “Abu mai sauƙi. Juyo nan. Yatsa nawa na ɗaga?”

Ya juya inda muryar ta fito, ya ga inuwa mai ɗan haske. “Uku.”

“Sake dubawa.”

“Biyu ne. Hasken taga ne ya…”

“Hannuna yana kan cinyata, ban ɗaga komai ba.”

Ta yi dariya, dariyar da ta ƙi yi a gidan Lauya ta fito yanzu da ribarta. Ba ta tsaya nan ba, don abin ya yi mata daɗi. Ta ce bari a yi masa adalci a sake. Ta zare takalmi a hankali, ta taka a kan tabarma ba motsi ta koma bayan Auta. Direba bai sani ba. Ya ci gaba da fuskantar kujerar, inda ta bar mayafinta a rataye, ya haɗa hannu biyu yana yi wa mayafin bayani. Ya ce Uwargida ki yi haƙuri, shekara talatin da ɗaya ban taɓa goga mota ba, ki tambayi kowa. Ya ce ko yau ai kin gani, lafiya muka zo. Ya daɗe yana roƙon mayafin kafin ta yi gyaran murya daga ɗaya ɓangaren, ya juya a firgice. Gwaggo ta yi dariya har da tari.

“Baffa.” Auta ce, kuma ba dariya a muryarta. “Tambayoyin da ka yi ta yi mini a hanya. Da danjar nan. Ba gwada ni kake yi ba.”

Ta ci gaba tun bai buɗe baki ba.

“Ina ta murna kamar wawuya. Da na yi maka wasa na ce kore ce alhali ja ce fa? Da shi ke nan?” Ta matsa daga kusa da shi. Wannan matsawar ta fi dariyar uwarta yi masa ciwo, don ita ya ga inuwarta sarai.

“Tun yaushe?” in ji Maigida.

“Yallaɓai…”

“Na ce tun yaushe?”

“Shekara biyu,” Gwaggo ta amsa masa. “Da bakinsa ya gaya mini, yana zaune a nan inda kake, yana kuka kamar mace.”

“Shekara biyu kana ɗaukar iyalina a makance. Ni kaina kullum ina bayanka ina karanta jarida.”

“Ban taɓa…”

“Kawo makulli.”

Direba ya dafe aljihunsa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ma bai shirya shi ba. “Ƙarami, ni ne fa. Ni na ɗauke ka a keke shekara shida, ban taɓa kayar da kai ba. An ce aiki za a yi, sati uku kawai. Ka ba ni sati uku in dawo da idona. Ban iya komai ba sai wannan.”

Shekara talatin rabon da ya kira shi da wannan suna, kuma a gaban matarsa da 'yarsa ya yi. Maigida ya ɗaure fuska.

“Za a duba. Ajiye shi a kan tebur.”

Ya zaro makullin. Ya san akwai ɗan tebur a tsakar ɗakin, shi ya gyara masa ƙafa da hannunsa, amma Auta ta ja shi gefe lokacin da ta kawo kofuna. Ya miƙa hannu inda teburin ya saba zama ya saki. Makullin ya faɗi a siminti ya yi ƙara. Uwargida ta ce, “To, ga amsa nan.” Auta ta sunkuya ta ɗauka.

Daga nan hira ta yi daɗi, abin mamaki. Maigida da ya ce zai kama hanya ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya karɓi shayi na biyu. Gwaggo ta samu abin da ta shekara tana nema, masu sauraro, ta baje kolinta. Ta kwaikwayi yadda Babba ya zuba shayi a gefen kofi. Ta faɗi ranar da ya gaida tulun ruwa ya zaci maƙwabciya ce. Uwargida ta kawo nata, na lemon gidan Lauya da na hanyar da ta lalace, tana share hawayen dariya da gefen mayafi. Aka cinye biskit ɗin gwangwanin tas. Fiye da awa ɗaya suka yi, ziyarar da ba a taɓa yi wa Gwaggo irinta ba, shi kuwa wanda ake maganarsa yana zaune a bakin ƙofa hannunsa a kan aljihun da ba komai.

Uwargida ce ta kawo shawarar, cikin muryar mai taimako. “Ni fa na ga abin ya zo daidai. Gwaggo na kukan ba mai zama da ita, ga ɗakuna a rufe. Shi kuma ɗakin bayan gareji sabon direba zai buƙace shi. Ai sai ya zauna nan, ɗa da uwa. Ita ta yi masa ido, shi ya yi mata ƙafa.”

“Wallahi kin kawo shawara,” in ji Maigida, da sauƙin ran wanda aka sauke wa kaya biyu a lokaci guda. “Gobe a kawo masa kayansa. Ai ba su da yawa.”

Ba wanda ya tambayi Direba. Da suka tashi tafiya, Maigida ya tsaya a kansa kamar zai ce wani abu, sai ya ce wa Gwaggo ta riƙa shan maganinta a kan lokaci, ya fita. Auta ta wuce ta gabansa ba sallama.

Yana zaune ya ji an buɗe ƙofofin motar an rufe, uku maimakon huɗu. Ya ji Auta ta ja kujerarsa gaba, kujerar da ba a taɓa motsawa ba. Ta tayar da injin ta ba shi wuta fiye da kima. Ya ji tana ja da baya a lungun, ya san ta karya sitiyari da wuri, bakinsa har ya buɗe zai ce a hankali, akwai dutse a dama. Ƙarfe ya goga dutsen, ƙiiii, doguwar ƙara. Ya ji muryar Maigida yana cewa ba komai, ba komai, ci gaba. Motar ta fita lungun, ƙararta ta ɓace a cikin ta injin niƙa.

Gwaggo tana tattara kofuna tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Rana ta yi sanyi, hasken taga ya koma ja-ja a idonsa na dama.

“Gwaggo,” ya ce, “me na yi miki?”

“Ba ka yi mini komai ba, Babba. Duk cikinsu kai kaɗai ne mai zuwa.”

“Kin rantse mini.”

“Na rantse. Allah Ya yafe mini.” Ta rufe gwangwanin biskit ta danna murfin da tafin hannu. “Kai ba ka san mene ne mutum ya kwanta a ƙasan banɗaki yana kira ba mai amsawa ba. Ni na sani. Tashi ka wanke mana kofunan nan, ka bi a hankali kada ka fasa mini.”

Bai motsa ba.

“In ka gama ka shiga ɗakin tsakiya ka huta, ya fi iska,” ta ce. “Tun shekaranjiya da Ƙarami ya bugo ya ce za su zo na sa aka share maka shi.”